Masu kai baƙi kogon dutse daga Daura: hidimarsu ta yi kyau, gyaran da suka yi wa kogon ne matsala

Wasu matasa a Daura sun kafa ƙaramin kamfani na kai mutane yawon buɗe ido zuwa duwatsun da ke kudu da gari, inda suke hawa dutse da su, su shiga kogo da su, su ciyar da su, sannan su dawo da su gida kafin magariba. Makarantu masu zaman kansu da ƙungiyoyin matasa da iyalai sun fara neman su, musamman daga ƙarshen damina zuwa tsakiyar hunturu, kuma makarantar da nake koyarwa tana cikin waɗanda suka aika wa takardar talla. Shugaban makaranta ya wakilta ni tare da wasu abokan aiki mu bi su mu gani da idonmu kafin a amince a damƙa musu ɗalibai. Hukuncin da na yanke shi ne cewa wajen kula da mutane sun cancanci yabo ba kaɗan ba, amma abin da suka fi alfahari da shi a tallarsu, wato gyaran da suka yi wa kogon domin jin daɗin baƙi, shi ne babban aibin hidimar. Ba zan ambaci sunan kamfanin ba, kuma da gangan na ɓoye sunan ƙauyen da dutsen yake, domin akwai kogo na biyu a wurin wanda har yanzu guduma ba ta taɓa shi ba, kuma ba na so rubutuna ya zama sanadin da jama'a za su yi masa tururuwa.

Motar da suka zo da ita bas ce mai lafiya, ba a yi mana lodin da ya wuce kujeru ba, kuma direban bai yi gudun ganganci ba ko da aka sauka daga kwalta aka shiga burji. Sun tashi a lokacin da suka faɗa, abin da duk wanda ya saba shirya tafiyar ɗalibai ya san ba ƙaramin abu ba ne. Kuɗin da suke karɓa ya haɗa da mota da abincin rana da ruwan sha da hayar kayan shiga kogo, kuma babu wanda ya ƙara neman ko kwabo a hanya. Abincin shinkafa da wake ne da mai da yaji, an dafa shi da tsabta, ya isa kowa. Sun tanadi buta da tabarma, sun tsara tafiyar ta yadda azahar ta same mu a gindin dutse ba a cikin kogo ba.

Inda suka fi burge ni shi ne sha'anin tsaron lafiya. Kowane baƙo ana ba shi hular kwano da tocila, kuma ɗan jagoran, wani matashi mai natsuwa ɗan asalin yankin, bai yarda kowa ya shiga da silifa ba. Ya ƙidaya mu a bakin kogo, ya sake ƙidaya mu da muka fito, ya bar mutum ɗaya a waje riƙe da waya da akwatin magani, kuma ya gaya wa mai unguwa lokacin da ake sa ran fitowarmu. Ya gargaɗe mu kada mu sa hannu a tsagar da ba mu haska ba saboda kunama da maciji, ya kuma nuna mana inda zuma ta yi gida a saman wata tsaga domin mu rage murya idan mun zo wucewa. A wannan fanni ban ga abin da zan kushe ba, kuma da a nan maganar ta tsaya, da tuni na sa hannu a takardar amincewa.

Kogon farko yana tsakiyar dutsen, a inda wasu manyan duwatsu suka jingina da juna suka bar sarari a ƙarƙashinsu. Irin wannan ne yawancin kogunan dutse na ƙasar Hausa, domin duwatsunmu masu tauri ne irin waɗanda masana ke kira giranait, ba dutsen farar ƙasa ba ne wanda ruwa ke narkarwa a hankali ya haƙa dogayen ramuka masu tsawon kilomitoci a ƙarƙashin ƙasa. Abin da mai ziyara zai fara gani shi ne bakin kogon, kuma ba sai an gaya masa an taɓa shi ba. Jikin dutsen gaba ɗaya baƙi-baƙi ne da ja-ja saboda daɗewa a rana da ruwa, amma gefen ƙofar ta hannun dama fari ne tas, mai kaifin baki, ga tabon cizal a jere, ga kuma kunkunniya ta yi baƙi ƙirin a samansa. Ɗan jagoran ya bayyana mana ba tare da ɓoye-ɓoye ba cewa a da sai mutum ya kwanta rub da ciki ya ja jiki kafin ya shiga, shi ya sa aka ɗauko masu fasa dutse suka ƙona tsofaffin tayoyi a jikinsa har ya tsage, sannan suka bi da guduma suka ƙarasa. Yanzu babban mutum yana shiga a sunkuye. Ɓaraguzan da aka fasa suna nan jibge a gefe, wasu an jera su an yi matakala da siminti.

A ciki an share ƙasan kogon ƙal, an kwashe turɓayar da ke wurin da shebur har aka tarar da falalen dutse, sannan aka zuba yashi aka daidaita domin a ji daɗin zama. An buga ƙusoshi a bango an ja waya, an rataye ƙwayayen lantarki masu aiki da batirin sola. An zana kibiyoyi da jan fenti masu nuna hanyar shiga da ta fita, alhali kogon bai kai girman da mutum zai ɓata a cikinsa ba. A wani lungu kuma an ware bango guda an ce nan ne baƙi za su rubuta sunayensu da gawayi ko alli domin tunawa, sai dai wasu sun zo da nasu fentin, kuma rubutun ya riga ya tsallake iyakar da aka shata masa. Da na tambayi inda jemagun wurin suke, saboda warin kashinsu bai gama fita ba, sai aka ce an yi musu hayaƙi sun tashi, domin mata da yara suna tsoronsu.

A cikin waɗannan ayyuka duka, kwashe ƙasar kogon ne ya fi tsaya mini a rai, duk da cewa shi ne wanda mutane suka fi ɗauka ba komai ba. Na je inda aka zubar da ita a bayan dutsen, na tsuguna na tona da yatsa. A cikin ɗan abin da hannuna ya ɗebo akwai tsingaro mai zanen igiya a bayansa, akwai gawayi, akwai guntayen ƙashi, akwai kuma wani ɗan dutse mai santsi a gefe ɗaya kamar an daɗe ana niƙa da shi. Duk wanda ya karanta yadda masu binciken kayan tarihi ke aiki ya san cewa darajar irin waɗannan abubuwa tana cikin inda aka same su ne. Ƙasar kogo tana taruwa ne hawa-hawa, na ƙasa ya girmi na sama, kuma da gawayin da ke cikin kowane hawa ake auna shekarunsa. Idan aka sa shebur aka cakuɗa su, tsingaron yana nan, amma labarin wanda ya yi tukunyar da zamanin da ya yi ta ya tafi ke nan, babu kuma wani gwani da zai iya dawo da shi. A Iho Eleru, wani kogon dutse da ke kusa da Akure a jihar Ondo, a cikin irin wannan ƙasa ce Thurstan Shaw da abokan aikinsa suka tono ƙasusuwan mutum a 1965, waɗanda aka auna shekarunsu aka samu sun kai kimanin 13,000. Da wani ya riga su zuwa da shebur da niyyar tsabtace wurin, da babu abin da za a sani. Dokar da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa a 1979 ta hana tonon neman kayan tarihi ba tare da izinin hukumar ba, kuma hukumar tana da gidan tarihi a cikin birnin Katsina, tafiyar da ba ta kai rabin yini ba daga Daura. Waɗannan matasa ba kayan tarihi suka je nema ba, amma da sun fara leƙawa can sun tambaya, da an gaya musu abin da ke ƙarƙashin ƙafarsu.

Batun fenti da hayaƙin taya shi ma yana da nauyin da ba a gani da farko. A Birnin Kudu ta jihar Jigawa akwai zane-zanen shanu a jikin duwatsu irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude, waɗanda aka fara rubuta labarinsu a shekarun 1950, aka kuma sanya su cikin wuraren tarihi na ƙasa, kuma akwai makamantansu a Geji ta jihar Bauchi. Irin wannan zane sau da yawa ya dusashe har sai wanda ya san abin da yake nema ne zai gane shi, wani lokaci ma sai haske ya faɗo masa ta gefe. Babu wanda ya duba bangon wannan kogo da idon sani kafin a turnuƙe shi da baƙin hayaƙi a bi shi da jan fenti, saboda haka idan akwai wani abu a wurin, an rufe shi kafin a san da shi. Bangon rubuta suna kuwa tarbiyya ce marar kyau ga yaron makaranta, domin abin da zai koya shi ne cewa alamar ka je wuri ita ce ka bar sunanka a jikinsa. Alhazanmu da suka hau Dutsen Nur suka ga Kogon Hira sun san yadda rubuce-rubucen maziyarta suka ɓata duwatsun wurin, kuma ban taɓa jin wanda ya dawo yana yaba hakan ba.

Jemagu kuma ba baƙi ba ne a kogo, su ne masu gida. Ƙananan da ke kwana a irin waɗannan wurare yawanci ƙwari suke ci, kuma da dare suke fita su yi wa gonakin da ke kewaye aikin da manomi bai biya ba. Danginsu masu shan ruwan fure su ne ke barbarar furen kuka da na ɗorawa, itatuwa biyu da babu gidan Bahaushe da ba ya cin amfaninsu. Kashin da suke zubarwa shi ne abincin ƙananan halittun da ke rayuwa cikin duhu, saboda haka korar su korar duk abin da ke biye da su ce. Faɗaɗa ƙofar ma kaɗai ya isa ya hana su dawowa, domin ƙaramar ƙofa ita ke riƙe sanyi da laima a ciki, ita ke kuma rage haske. Akwai kuma haɗari ga mutanen da aka sa aikin, domin busasshen kashin jemage yana iya ɗauke da wani nau'in funfuna mai kama huhu idan aka shaƙi ƙurarsa, kuma yaran ƙauyen da suka yi sharar ba a ba su ko abin rufe hanci ba. Tsoron cuta dalili ne na a nisanci inda jemagu suke da yawa, a bar su a wurinsu, kuma wannan ya fi sauƙi da arha a kan a tayar da su.

Bayan azahar na zauna da shugaban kamfanin, wanda ya biyo mu a kan babur, na faɗa masa duk wannan a gaban abokan aikina. Ya saurara da ladabi, kuma hujjojinsa ba na banza ba ne. Ya ce: "Malam, kafin mu zo wurin nan babu wanda ya damu da shi, awaki ne ke kwana a bakinsa. Yanzu matasa biyar na ƙauyen nan suna samun na cefane, mata suna sayar da fura da gyaɗa, kuma dattijon da gwiwarsa ba ta lanƙwasuwa yana iya shiga ya ga ikon Allah." Ya ƙara da cewa rijiyar Kusugu ma ai an yi mata gini an kewaye ta, ba wanda ya ce an ɓata ta, kuma a Ogbunike ta jihar Anambra an gina matakala 317 domin masu ziyara su sauka zuwa kogon. Ya ce a nan babu waɗancan tsinin duwatsu masu saukowa daga rufi da ake gani a hotunan kogunan Turai, waɗanda ake cewa suna ɗaukar shekaru dubbai kafin su yi tsawon kamu guda, don haka babu abin da za a karya.

Na yarda da shi a kan cewa ba kowane gyara ne laifi ba, kuma masu shiga kogo a ƙasashen da abin ya daɗe ba su taɓa cewa kada a taɓa komai ko ta halin ƙaƙa ba. Kogon Lechuguilla da ke jihar New Mexico ta Amurka ba a san girmansa ba sai da wasu masu bincike suka haƙa ta cikin ɓaraguzan da suka toshe shi a 1986, kuma yau an auna fiye da kilomita 200 na hanyoyinsa. Amma sun yi haƙar ne da izinin hukumar da ke kula da wurin, daga baya aka sa ƙofa mai hana iskar waje shiga, kuma har yanzu masu binciken da aka ba izini kaɗai ke shiga. Matakalar Ogbunike a waje take, tana sauka da mutum cikin kwari zuwa bakin kogon, kuma al'adar mutanen wurin ta a cire takalmi kafin a shiga tana nan. Kusugu kuwa rijiya ce da hannun mutum ya haƙa, a tsakiyar gari take, kuma ana kula da ita a idon kowa. Abin da ya raba waɗannan da aikin da aka yi a nan shi ne tambayoyin da aka yi kafin a ɗaga guduma: shin gyaran zai ceci rai ne ko jin daɗi kawai zai ƙara, shin za a iya warware shi idan aka gane kuskure ne, kuma wane ne ya duba wurin ya ce a yi. Igiyar da aka ɗaura a wurin santsi ana iya kwance ta gobe, amma dutsen da aka fasa ba ya komawa.

Ko gyaran da masana suka yi da kyakkyawar niyya ya sha jawo nadama. Kogon Lascaux da ke kudu maso yammacin Faransa wasu samari ne suka gano shi a 1940, cike da zanen dawaki da shanu masu shekaru kimanin 17,000. Aka faɗaɗa ƙofarsa, aka kwashe ƙasa, aka sa fitilu, aka buɗe wa jama'a a 1948, har ya kai mutum fiye da dubu na shiga a rana. Numfashin mutane da zafin jikinsu da hasken fitilu suka sauya yanayin ciki, gansakuka ta fara bin bango, dole aka rufe shi a 1963, shekara 15 kacal bayan buɗewa. Sai da aka gina kwaikwayonsa a kusa aka buɗe a 1983 domin masu yawon buɗe ido, kuma a 2001, bayan an sauya na'urar daidaita iska da aka sa domin kare zanen, wata farar funfuna ta bazu a cikinsa. Darasin da Faransawa suka ɗauka shi ya sa kogon Chauvet da aka gano a 1994 ba a taɓa buɗe shi ga jama'a ba, kwaikwayonsa aka gina aka buɗe a 2015. Idan ƙasar da ke da kuɗi da ƙwararru ta yi garin neman gira ta kusa rasa ido, ya kamata mai guduma da tsohuwar taya ya yi tunani sau biyu.

Hujjar tsaron lafiya ita ce mafi ƙarfi a hannun masu faɗaɗa ƙofa, kuma ban raina ta ba. Matsatsin rami yana kisa. A 2009 wani mutum ya maƙale da kai ƙasa a kogon Nutty Putty na jihar Utah ta Amurka, masu ceto suka yi fiye da yini guda suna ƙoƙari bai fita ba, ya rasu a wurin, daga baya aka toshe kogon da kankare. Sai dai maganin matsatsin wuri shi ne kada a kai wanda bai dace ba, a kuma gaya wa kowa gaskiyar abin da zai tarar tun kafin ya biya kuɗi. Ƙona taya a jikin dutsen da wasu duwatsu suka jingina da shi ba ya ƙara aminci, domin zafin da ya tsaga inda ake so yana iya raunana inda ba a so, kuma babu injiniyan da ya zo ya duba rufin bayan an gama. A ƙarƙashin wannan rufi ne ake so mu zaunar da yara aji guda.

Sannan akwai maganar haƙƙi, wadda ita ce ba a cika yi ba. Shugaban kamfanin ya ce sun nemi izinin dagaci, kuma da muka je gaisuwa dagacin ya tabbatar da haka. Na ce masa: "Ranka ya daɗe, an gaya maka za a fasa dutsen?" Ya ce abin da aka gaya masa shi ne za a share wurin a kawo baƙi, kuma ya yi murna da hakan saboda yaransa za su samu sana'a. Wani tsohon maharbi da ke zaune a gefe, wanda ɗan jagoran ke kira Baba, ya ce iyayensu sun ba su labarin cewa a zamanin yaƙe-yaƙe a cikin wannan kogo ake ɓoye mata da yara da hatsi, kuma ƙanƙantar ƙofar ita ce dukan amfaninsa, domin mutum ɗaya da mashi yana iya tsare ta. Wato abin da aka fasa domin a sauƙaƙa wa baƙi shiga shi ne ainihin abin da ya kamata a nuna wa baƙin. Izinin da aka bayar ba tare da an san abin da za a yi ba bai cika izini ba, kuma ko da dagaci ya sani, dutsen ba nasa ba ne shi kaɗai, akwai rabon waɗanda ba a haifa ba a cikinsa. Alƙur'ani a cikin Suratul A'araf ya hana yin ɓarna a bayan ƙasa bayan an daidaita ta, kuma ina ganin wannan ya shafi mai kyakkyawar niyya kamar yadda ya shafi mai mugunya.

Abin da ya ƙara tabbatar mini da ra'ayina shi ne kogo na biyu, wanda ba ya cikin tsarin tafiyar, amma ɗan jagoran ya yarda ya kai kaɗan daga cikinmu da muka roƙe shi. A nan sai da muka cire jakunkuna muka ja ciki. Ya sa mu bi sawunsa ɗaya bayan ɗaya ta gefen bango domin kada mu tattake tsakiyar wurin, ya rufe tocilarsa da tafin hannu ya bar haske kaɗan yana fita ta tsakanin yatsu, ya nuna mana jemagu a rataye a rufi, kowane bai fi babban yatsa da ɗan kaɗan ba, wasu da 'ya'yansu manne a ƙirji. Ya nuna mana sawun rema a kan turɓaya, da ƙayar beguwa a wani lungu, da bakin wata tukunya da ya leƙo daga ƙasa, ya ce mu kalla kada mu taɓa. Sanyin wurin da shirunsa sun bambanta da na kogon farko nesa ba kusa ba. Ba mu daɗe ba ya ce mu fita saboda jemagun sun fara motsi. Wannan ɗan lokaci ya fi duk sauran tafiyar amfani, kuma kamfanin bai kashe ko sisi a kansa ba, ilimin yaron da ladabinsa ne kawai suka yi aikin.

Shi ya sa nake ganin kamfanin bai gane inda jarinsa yake ba. Abin da zai sayar shi ne sanin ɗan jagora da labarin tsofaffin ƙauyen da kogon da ke nan yadda Allah ya yi shi, kuma duk waɗannan suna ƙarewa ne idan aka ci gaba da fasa da shara. A kogon farko akwai abin da za a iya cetowa. A cire ƙusoshi da waya a koma ga tocila, a daina ba baƙi gawayi, a bar fentin da ke jiki kada a kankare shi da waya ko a wanke shi da sinadari har sai wanda ya san aikin ya gani, a killace tarin ƙasar da aka zubar kada ruwan damina ya tafi da ita, a kuma sa wanda ya san dutse ya duba rufin. Matakala da igiyar riƙewa a kan hanyar hawa, a wajen kogo, ba ni da ja a kansu, hasali ma ana bukatar ƙari a wani gangare mai santsi da muka bi. Idan ana son inda dattawa da ƙananan yara za su zauna, rumfa a gindin dutse ta wadatar, a nan ne kuma Baba maharbi zai ba su labari a biya shi ladansa.

Rahoton da na miƙa wa shugaban makaranta ya ce a iya ba su ɗalibai manya domin hawan dutse da ziyarar ƙauyen, saboda motarsu da abincinsu da kulawarsu abin dogaro ne, amma kada a shigar da yara kogon farko sai an duba rufinsa, kada kuma a kai aji guda kogo na biyu ko da kyauta ne, domin ba zai ɗauki taro ba. Iyalai da ƙungiyoyin da ke son bin su ina ba su shawara su tambaya tun a waya ko an daina rubutu a bango, su kuma faɗa a fili cewa ba su bukatar a ƙara fasa komai dominsu, saboda mai sana'a maganar mai biyan kuɗi yake ji. Shugaban kamfanin ya gaya mini cewa suna da niyyar yi wa kogo na biyu irin aikin da suka yi wa na farko idan kuɗi ya samu. Na roƙe shi ya dakata har sai ya je gidan tarihi na Katsina ya nemi a turo wanda zai duba wuraren biyu, ya ce zai yi shawara da abokan kasuwancinsa, ni kuma na gaya masa cewa amincewar makarantarmu a zango mai zuwa ta rataya ne a kan amsar da zai kawo.